BABI NA UKU: JIGON MULKIN MUTUM ƊAYA A CIKIN LITTAFIN GANDUN DABBOBI

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai duba babban jigon littafin Gandun Dabbobi, wato fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell mai suna Animal Farm. An buga na Ingilishi a Landan a shekarar 1945, na Hausa kuwa ya fito a Ibadan a 1975. Da yawa daga cikin waɗanda suka karanta littafin, idan aka tambaye su jigonsa sai su ce zalunci ne, ko cin amana, ko kwaɗayin shugabanni. Duk waɗannan suna ciki, amma ƙananan jigogi ne. A ganina, abin da marubucin ya sa a gaba shi ne nuna yadda iko yake fita daga hannun jama'a ya koma hannun 'yan tsiraru, daga nan kuma ya tattara a hannun mutum ɗaya tak. Saboda haka za a fara da ma'anar irin wannan mulki, sannan a bi labarin a ga daidai wurin da ya kafu.

3.1 Ma'anar Mulkin Mutum Ɗaya

Bahaushe yana da sunaye da dama na mugun mulki. Yakan ce mulkin kama-karya, ko mulkin danniya, ko mulkin mallaka, ko fir'aunanci. Idan aka lura za a ga duk waɗannan sunaye suna bayyana raɗaɗin da talaka ke ji a jikinsa ne. Kalmar da masana ilimin siyasa ke amfani da ita, wato otokirasiyya, wani wuri daban take kallo. Asalinta daga Girkanci ne, an haɗa autos, mai nufin kai, da kratos, mai nufin iko. Wannan kratos ɗin shi ne a ƙarshen kalmar dimokuraɗiyya, inda aka haɗa shi da demos, wato jama'a. Ke nan tambayar da kalmomin biyu ke amsawa ɗaya ce: a hannun wa magana take ƙarewa? A ɗaya tana ƙarewa a hannun jama'a, a ɗaya kuwa a hannun mutum guda wanda ke mulki da ikon kansa, ba doka, ba majalisa, ba alƙalin da zai ce masa tsaya ya tsaya.

Aristotle, masanin nan na Girka, ya kasa mulki ne ta hanyar ƙidayar masu riƙe da shi: ko mutum ɗaya, ko 'yan kaɗan, ko masu yawa. Ya kuma ce kowane kashi yana da mai kyau da ɓatacce, gwargwadon ko ana yin sa don amfanin kowa ko don amfanin mai mulki. Wannan rabe-rabe yana da amfani a nan domin, kamar yadda za a gani, gandun ya ɗanɗana dukkan ukun ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya kamata a kiyaye. Ganin mutum ɗaya a kan karaga bai isa a ce ana mulkin mutum ɗaya ba. A tarihin Kano an nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar nan da ake kira Tara ta Kano. Haka kuma a masarautun ƙasar Hausa akwai masu zaɓen sarki, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo a cikin littafinsa Liya'ul Hukkami ya sanya shawara a cikin wajiban shugaba. Ba ana nufin ba a taɓa yin sarakuna azzalumai ba, an yi su. Abin da ake nufi shi ne ma'aunin yana ga amsar wannan tambaya: idan shugaba ya yanke hukunci, akwai wani wuri da za a tsaya a ce ba a yarda ba, kuma mai faɗin hakan ya kwana lafiya a gidansa? In babu, to an shiga mulkin mutum ɗaya, ko da shugaban mai fara'a ne, ko da ana kiransa zaɓaɓɓe.

Ƙasar da Orwell ya yi wa hannunka-mai-sanda ta san wannan kalma fiye da kowa, domin a cikin laƙabin sarautar sarakunan Rasha akwai ta ƙarara, har zuwa kan Nicholas na II da ya sauka a 1917. An yi juyin juya hali don a kawar da mai mulki da ikon kansa, kafin a cika shekara 20 sai ga Stalin ya fi shi iko. Wannan shi ne ƙashin bayan littafin.

3.2 Warwarar Jigo

Labarin ya fara da Dattijo, tsohon alade, yana tara dabbobin gandun Nomau da dare yana nuna musu cewa ɗan Adam ne tushen wahalarsu. Bayan mutuwarsa yunwa ta sa suka kori Nomau, suka rubuta dokoki 7 a jikin bango, suka tsayar da taro na mako-mako inda ake kawo shawara a jefa ƙuri'a. A wannan mataki magana a hannun taro take ƙarewa. Amma marubucin bai bar mai karatu ya daɗe cikin murna ba. A ranar farko ta 'yanci aka tatsi shanu, Maitumbi ya tsaya gaban madarar ya ce a tafi aikin gona, da aka dawo babu ita. Daga baya aka gane aladu ke sha, aka kuma keɓe musu 'ya'yan itatuwa, Karambana ya ce don lafiyar ƙwaƙwalwarsu ne, in ba haka ba Nomau zai dawo.

Masu nazari kan ɗauki wannan wuri a matsayin farkon mulkin Maitumbi. A nawa ra'ayi ba a kai can ba tukuna. Marubucin ya faɗa cewa a kan maganar madara dukkan aladu bakinsu ɗaya ne, har da Ɗantulu. Abin da ya kafu a nan mulkin 'yan tsiraru ne, masu iya karatu suna cin moriyar marasa iyawa. Har yanzu akwai taro, kuma ko da yake aladu kaɗai ke iya kawo shawara, sauran dabbobi na da ƙuri'a. Bugu da ƙari akwai shugabanni biyu da ba sa ga maciji, duk abin da ɗaya ya kawo sai ɗayan ya soke shi. Wannan jayayya da take gundurar dabbobin ita ce garkuwarsu ba su sani ba, domin muddin Ɗantulu da Maitumbi na neman ƙuri'a, dole su roƙi mai ƙuri'a.

Mulkin mutum ɗaya ya kafu ne a babi na 5, kuma ana iya nuna ranar da yatsa. Ana muhawara a kan ginin na'urar da iska ke juyawa don ta samar wa gandun lantarki. Ɗantulu ya yi jawabin da ya ja hankalin kowa, ya tabbata shi zai ci ƙuri'a. Nan take Maitumbi ya yi wani irin kuka, sai ga manyan karnuka 9 sun faɗo, suka fafari Ɗantulu har ya fice daga gandun. Waɗannan karnuka su ne 'yan kwikwiyon da Maitumbi ya ƙwace daga iyayensu tun suna jarirai ya ɓoye da sunan zai ba su ilimi, kowa ya manta da su. A nan an ga gwanintar marubucin wajen ƙulla zaren labari, domin ya ambaci ɗauke 'yan kwikwiyon a cikin 'yan layuka kaɗan a babi na 3 ya wuce, har mai karatu ma ya manta kamar yadda dabbobin suka manta.

Korar Ɗantulu ita ke ɗaukar ido, amma abin da ya biyo bayanta ya fi ta nauyi. Maitumbi ya hau dandamalin da Dattijo ya taɓa tsayawa ya sanar da cewa an soke muhawarar mako-mako, wai ɓata lokaci ce. Daga yanzu wani kwamiti na aladu, wanda shi ne shugabansa, zai riƙa zama a asirce ya yanke hukunci, dabbobi su taru kawai su karɓi umarni. Wasu matasan aladu 4 suka ɗaga murya, karnuka suka yi gurnani, tumaki suka ɓarke da ihunsu, magana ta mutu. Bayan mako 3 sai aka ji Maitumbi ya ce za a gina na'urar nan da ya yi ta suka. Bai ba da dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba. Wannan ɗan ƙaramin abu ya fi komai fito da ma'anar jigon fili: shawarar ba ta canja ba, amfaninta ko rashin amfaninta bai canja ba, bakin da ta fito ne ya canja. Jiya laifi ce don Ɗantulu ya kawo ta, yau wajibi ce don Maitumbi ya faɗe ta.

Mai karatu na iya cewa ai kwamiti aka kafa, ashe ke nan mulkin 'yan tsiraru ne ya ci gaba. Amsar tana babi na 7. Bayan kaji sun yi tawaye a kan sayar da ƙwansu an hana su abinci har 9 suka mutu, Maitumbi ya tara dabbobi a fili. Waɗanda karnuka suka fara jawowa ta kunne su ne aladun nan 4 da suka yi magana ranar da aka soke taro. Suka amsa laifin haɗa baki da Ɗantulu, aka kashe su nan take, sannan aka bi da kaji da tumaki. Ashe zama alade bai isa ya tsirar da kowa ba. A mulkin 'yan tsiraru, 'yan tsirarun suna da aminci a tsakaninsu, talaka ne ke shan wuya. A mulkin mutum ɗaya kuwa na kusa da shugaba ya fi na nesa kwana da fargaba. Tarihin Tarayyar Sobiyet ya gaskata wannan. Trotsky, wanda Ɗantulu ke wakilta, an kore shi daga jam'iyya a 1927, aka fitar da shi daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940. A shari'o'in Mosko na 1936 zuwa 1938 manyan 'yan juyin juya hali ne suka tsaya suna amsa laifin cin amanar ƙasa. Khrushchev a jawabinsa na 1956 ya bayyana cewa daga cikin mutum 139 da aka zaɓa a kwamitin tsakiya na jam'iyyar a 1934, an kama 98 an harbe. Babban taron jam'iyyar ma bai zauna ba daga 1939 har 1952. Orwell ya rubuta littafinsa tsakanin 1943 da 1944, bai ga waɗannan alƙaluma na Khrushchev ba, amma aladunsa 4 sun riga sun faɗi maganar.

Daga nan sauran al'amura saukowa kawai suke yi kamar ruwa daga tudu. Dokokin bango suna nan ba a goge su ba, sai dai a wayi gari an ƙara wa kowace 'yar jela: an halatta kwana a gado, an halatta kisa in da dalili, an halatta giya in ba a wuce kima ba. Har an taɓa tsintar Karambana cikin dare a gindin bangon, tsani ya karye da shi, ga fenti a zube. Wato doka ta koma bin shugaba a baya tana share masa sawu. A babi na 9 aka ce gandun ya zama jamhuriya, aka yi zaɓen shugaban ƙasa, ɗan takara ɗaya ne, ya kuma cinye dukkan ƙuri'u. Mai karatu a Nijeriya ba ya bukatar dogon sharhi a nan, domin a 1998 jam'iyyu 5 da ke akwai duk sun tsayar da Janar Sani Abacha a matsayin ɗan takararsu. Abin da littafin ke nunawa shi ne mulkin mutum ɗaya ba ya ƙyamar sunan jamhuriya, ko tsarin mulki, ko akwatin zaɓe, matuƙar ba su da haƙoran cizo.

3.3 Hannayen da Suka Ɗauki Jinkar

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mulkin mutum ɗaya bai ƙaryata wannan karin magana ba. Abin mamaki game da Maitumbi a matsayinsa na tauraro shi ne ƙarancin maganarsa. Bai iya jawabi ba, ba a ga bajintarsa ba a yaƙin da aka yi da Nomau, kuma gwargwadon ƙaruwar ikonsa gwargwadon ɓuyarsa, har ya kai ba a ganinsa sai jifa-jifa, karnuka kewaye da shi, baƙin zakara na yi masa zagi. Marubucin bai taɓa shigar da mu cikin zuciyarsa ba. Kullum muna tsaye ne a tsakar gandu tare da dabbobi muna jiran abin da za a fito a faɗa. Wannan salo ya dace da jigon ƙwarai, domin haka wanda ake mulka yake ganin irin wannan shugaba, daga nesa, ta bakin wani.

Masu yi masa aikin su ne karnuka da ke riƙe da tsoro, da Karambana da ke riƙe da harshe, da tumaki da ke hana a ji muryar kowa. Amma wanda ya fi su duka amfani gare shi shi ne Akawal, ingarman dokin nan mai gaskiya da ƙwazo. Akawal ya ji a ransa soke taro bai yi daidai ba, ya rasa kalmomin da zai faɗa, daga ƙarshe ya sallama cewa duk abin da Maitumbi ya faɗa daidai ne, ya mai da wannan takensa. Ranar kisan gilla karnuka 3 sun far masa ya danne ɗaya da kofato, sannan ya dubi Maitumbi yana jiran a ce masa ya murƙushe ko ya saki. Ƙarfin da zai iya kawo ƙarshen mulkin a ranar yana neman izini daga mai mulkin. Sakamakonsa shi ne da ya tsufa ya faɗi a bakin aiki aka sayar da shi ga mai yanka dawaki, aladu suka sayi giya da kuɗin.

Idan aka kwatanta da tatsuniyoyinmu za a ga wani bambanci. A tatsuniya zaki ne sarkin dawa, kura na da ƙarfi, amma wayo yana hannun Gizo, kuma da shi mai rauni ke kuɓuta. A Gandun Dabbobi babu Gizo a ɓangaren talakawa. Ƙarfi da wayo duk sun taru a fada. Tsohon jakin labarin, wanda Orwell ya kira Benjamin, ya iya karatu kamar kowane alade, yana kuma gane duk abin da ake ciki, amma ya kama bakinsa, bai motsa ba sai ranar da motar mahauta ta ɗauki amininsa, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

3.4 Inda Jigon Ya Yi Rauni

Duk da ƙarfin littafin, akwai wuraren da jigon ya yi rauni. Tun daga tsarin labarin, marubucin ya raba basira bisa ga jinsi. Alade an haife shi da ƙwaƙwalwa, tunkiya an haife ta wawuya, Akawal ya yi iya ƙoƙarinsa bai wuce haruffa 4 ba. To idan haka halitta ta tsara, laifin wa? A cikin mutane jahilcin talaka hana shi aka yi, ana kuma iya gyara shi da makaranta. A gandun kuwa ba makarantar da za ta mai da tunkiya alade. Wannan ya sa mai karatu na iya rufe littafin da tunanin cewa abin ƙaddara ce, alhali babi na 5 ya nuna ƙarara cewa rana ɗaya aka yi sakaci aka bar taro ya mutu. Haka nan ƙarshen littafin ya sake komawa kan aladu a jumlace. Dokar da ta rage a bango ta fifita wasu dabbobi ne a kan wasu, ba ta ambaci mutum ɗaya ba, kuma a wurin walimar ƙarshe fuskokin aladu ne gaba ɗaya suka saje da na mutane. Sai ya zamana tsakiyar littafin na maganar mutum ɗaya, ƙarshensa na maganar aji.

Ta fuskar fassara, Funtua ya yi namijin ƙoƙari wajen ba taurari sunayen gida. Nomau daga noma, Goɗi daga goɗiya, Akawal sunan baƙin doki, Karambana kuwa ba wanda zai ji sunan bai san halin mai shi ba. Littafin ya kuma fito a 1975, ana tsakiyar mulkin soja, 'yan watanni bayan Janar Gowon ya ce alkawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, saboda haka ya tarar da masu karatu da kunnuwansu ke buɗe. Amma akwai abin da ya salwanta a hanya. Ga Bature manomi, alade dabba ce mai basira da ake kiwo kamar kowace, don haka zai iya amincewa da jagorancinta a farkon labari, cin amanar ta zo ta dake shi. Ga Bahaushe Musulmi kuwa alade abin ƙyama ne tun kafin ya buɗe baki. Da zarar an ce aladu ne shugabanni ya riga ya yanke hukunci, sai ya ɗora laifin a kan ƙazantar dabbar, ya kasa lura da cewa ko raguna ne suka soke taro suka riƙe karnuka sakamakon ɗaya ne. Wannan ba laifin mai fassara ba ne, domin da ya canja dabbar da labarin ya rushe.

Sunan babban tauraro kuwa zaɓinsa ne. Orwell ya kira shi Napoleon, sunan sojan da juyin juya halin Faransa na 1789 ya ɗaukaka, ya ƙwace mulki a 1799, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804. Sunan kaɗai ya isa ya gaya wa mai karatu cewa ga wanda zai haɗiye juyin da ya haife shi. Maitumbi suna ne mai daɗin faɗa, yana kuma sa dariya, amma tumbi ci yake nunawa. Yana jan hankali zuwa ga madara da giya da ƙiba, wato handama, alhali Ɗantulu ma ya sha madarar nan bai ce uffan ba. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya tsaya gaban taro yana neman a yarda da shi, ɗayan ya hau ɗaki ya yi kiwon karnuka 9.